Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Zan Fara Girka Autodesk Vault Don Zane-zanenmu Su Daina Cakuɗewa?

TAMBAYA

 Ni injiniya ne a wani ƙaramin kamfani a Kano da ke ƙera injinan sarrafa amfanin gona, irin na casar shinkafa da na matse man gyaɗa. Mu shida ne ke zane, huɗu da Inventor, biyu da AutoCAD. Damuwarmu ita ce fayiloli. Kowa da nasa kwafin a kwamfutarsa, muna miƙa wa juna ta filash da WhatsApp. Kwanakin baya aka yanka farantan ƙarfe da tsohon zane, sai da aka zo haɗawa aka ga ramukan noti ba su hau juna ba. Maigida ya ce lallai in nemo mafita. An gaya mini lasisinmu yana ɗauke da wata manhaja mai suna Autodesk Vault. Don Allah ta ina zan fara girka ta, kuma me ya kamata in saita?

Daga wani injiniya mai karatu, Kano.

AMSA

Injiniya, Allah ya mayar da alheri kan ƙarfen da aka yi asara. Wanda ya ba ka labarin nan gaskiya ya faɗa maka. Vault Basic tana zuwa ne tare da lasisin Inventor da kuma babban ƙunshin da Autodesk ke kira Product Design & Manufacturing Collection, kuma in kuna biyan kuɗin lasisinku za ka same ta a asusun kamfaninku, ba sai kun ƙara ko kwabo ba. Sai dai ina so ka riƙe magana ɗaya tun kafin mu yi nisa. Girka manhajar aikin wuni ɗaya ne. Abin da zai ci maka makonni, kuma wanda shi ne zai raba ku da irin asarar da kuka yi, shi ne shawarwarin da za ku yanke ku shida tare da maigida: sunan da za a riƙa ba fayil, inda za a ajiye shi, wanda ke da ikon cewa zane ya kammala, da wanda zai kwana da nauyin kwafin ajiya. In aka tsallake waɗannan, rikicin da ke cikin filash shi za a kwashe a zuba cikin sabuwar taska.

Bari mu fara da dalilin da ya sa zane-zanen injiniya suka fi sauran takardun ofis saurin cakuɗewa. Fayil ɗin haɗaɗɗen inji a Inventor, mai ƙarewa da iam, ba ya ɗauke da sassan injin a cikinsa. Abin da yake riƙewa shi ne sunayen fayilolin sassan, masu ƙarewa da ipt, da inda zai je ya same su. Takardar zanen da kuke bugawa ku kai wa mai walda ita ma haka take, tana leƙa waɗancan fayiloli ne duk lokacin da aka buɗe ta. AutoCAD ma yana da irin wannan jingina ta hanyar Xref. Saboda haka injin casa guda ɗaya zai iya zama ɗaruruwan fayiloli masu riƙe da juna. Da zarar wani ya sauya sunan fayil ɗaya a Windows, ko ya matsar da shi wata folda, ko ya aika wa abokin aikinsa haɗaɗɗen ba tare da sassan ba, sarƙar ta tsinke. Mafi muni shi ne lokacin da ba ta nuna ta tsinke ba: Inventor ya sami wani fayil mai suna iri ɗaya a kwamfutar abokin aikinka, tsoho, ya ɗauka ya ci gaba da aiki shiru. Ina kyautata zaton wani abu mai kama da wannan ne ya ci farantanku.

Vault tana magance wannan da doka guda mai sauƙi. Asalin kowane fayil yana wuri ɗaya, a kwamfutar da ake kira saba. Mai son gyara fayil sai ya karɓo shi da umarnin Check Out, kuma daga wannan lokaci an rubuta sunansa a kai, kowa na iya dubawa amma ba mai iya gyarawa. In ya gama ya mayar da umarnin Check In, sai Vault ta ajiye sabon a matsayin siga ta gaba, ba tare da ta shafe ta baya ba. Kamar mabuɗin sito ne a wurin aikinku: guda ɗaya ne, wanda ya karɓa an san yana hannunsa, sai ya dawo da shi wani zai shiga. Bayan haka tana sane da wane fayil ke jingine da wane, don haka in ka sauya suna ko ka matsar da fayil daga cikinta, ita za ta bi duk masu jingina da shi ta gyara.

A cikin sabar abubuwa uku ne ke aiki tare, kuma sanin su zai taimake ka ranar da wani abu ya tsaya. Akwai rumbun bayanai na Microsoft SQL Server, wanda ke riƙe da lissafi: sunaye, sigogi, wa ya karɓi me, me ke jingine da me. Akwai ma'ajiyar fayiloli, wata folda ce a faifan sabar inda ainihin zane-zanen suke. Sannan akwai IIS, wani sashe na Windows da ke karɓar buƙatun kwamfutocinku ya kai su ga waɗancan biyun. Kwamfutar mai zane ba ta taɓa rumbun ko ma'ajiyar kai tsaye, da IIS kawai take magana.

Yanzu batun kwamfutar da za ta zama saba. Kada ta kasance kwamfutar da wani ke zane a kanta, kuma kada ta kasance ta tafi-da-gidanka da ake sawa a jaka a tafi gida. Ku ware guda ɗaya ga wannan aiki kaɗai. Vault Basic tana yarda ta zauna a kan Windows na ofis, wato Pro ko Enterprise, amma ban da Home. Ga mutum shida wannan zai ɗauke ku, sai dai ka sani IIS a irin wannan Windows yana da iyakar buƙatu goma a lokaci guda, saboda haka in kuna da niyyar ƙaruwa, Windows Server ya fi, kuma shi Vault Professional ke buƙata in wata rana kuka hau can. Kafin ka sayi komai ka buɗe shafin Autodesk na buƙatun sigar shekarar da kuke da ita, domin jerin Windows da SQL ɗin da ake yarda da su yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. A ra'ayina kada ƙwaƙwalwar aikinta ta gaza gigabait 16, faifanta ya zama SSD, kuma a haɗa ta da sauran kwamfutocin da waya mai gudun gigabit. Haɗaɗɗen inji mai ɗaruruwan fayiloli a kan Wi-Fi zai sa mutanenka su gaji da jira, kuma mai zanen da ya gaji da jira filash zai koma wa.

Zan ɗan daɗe a kan wuta, domin takardun Autodesk ba su damu da ita ba, mu kuwa ita ce babbar barazanarmu. Rumbun SQL kusan kullum yana cikin rubutu. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, sau da yawa yakan farfaɗo da kansa, amma ba kullum ba, kuma rana ɗaya da bai farfaɗo ba ta isa ta tsayar da kamfani. Daƙiƙun nan da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta sun isa su yi ɓarnar. Don haka saba sai da UPS, ko da kuna da inbata da sola. Ka nemi irin wanda ke da wayar USB da ake haɗawa da kwamfuta, wanda in batirinsa ya kusa ƙarewa zai umarci Windows ta kashe kanta cikin tsari. Na'urar da ke raba wayoyin sadarwar ofis ita ma a sa ta kan UPS ɗin, in ba haka ba saba za ta rayu amma ba mai iya kai wa gare ta. A ajiye ta a ɗaki mai iska, nesa da inda ake walda da gurza ƙarfe, domin ƙurar ƙarfe da ta hunturu da zafin bazara suna kashe kwamfuta a hankali.

Kafin ka taɓa manhajar girkawa, ka yi abubuwa kaɗan da wuyar gyarawa daga baya. Ka ba sabar suna gajere da za ta mutu da shi, domin SQL da Vault suna ɗaure kansu da sunan kwamfuta, sauya shi bayan girkawa wahala ce mai yawa. Ka ba ta lambar IP tsayayya. Ka bar Windows ta gama duk sabunta kanta, ka sake kunna ta. Ka kunna IIS daga jerin sassan Windows. Ka tabbatar ba wata manhaja da ta riga ta mamaye ƙofar sadarwa mai lamba 80, domin nan Vault ke saurare. Sannan ka shiga da asusun da ke da cikakken iko a kwamfutar.

Girkawar kanta ba ta da wani sirri. Ka sauke Vault Basic Server na shekarar da ta dace da Inventor ɗinku. Kafin ta fara za ta yi binciken share fage, ta jero abin da ya cika da abin da ya rage. Ka karanta jerin nan da natsuwa, ka gyara duk abin da ta yi ƙorafi a kai, ka sake binciken har ya fita tsaf. Kada ka nemi dabarar tsallakewa. In ba ta tarar da SQL ba takan girka SQL Server Express, wanda kyauta ne, a ƙarƙashin suna AUTODESKVAULT, kuma wannan suna kada ka taɓa shi. Mutane kan tsorata in sun ji cewa Express, a sigoginsa na 2019 da 2022, ba ya barin rumbu ɗaya ya wuce gigabait 10. Kada wannan ya dame ka. Zane-zanen ba a cikin rumbun suke ba, lissafinsu kawai ke ciki, kuma ofis mai mutum shida zai daɗe bai kai nan ba. Abin da za ka sa wa ido shi ne faɗin faifan da ma'ajiyar fayiloli take, domin kowace siga da aka mayar tana cin wuri.

Da an gama, ka buɗe manhajar kula da saba, wadda ake kira ADMS Console. A nan akwai wani abu da ba na so ka kwana ba ka gyara ba. Asusun Administrator na Vault yana zuwa ne ba kalmar sirri ko kaɗan, kuma kalmar sirrin babban asusun SQL, mai suna sa, wadda manhajar ke sawa da kanta, a rubuce take a takardun Autodesk da kowa ke iya karantawa. Ka sauya duka biyun a ranar. Ka rubuta su a takarda, ka sa a ambulan, ka ba maigida ya kulle. Kamfanin da mutum ɗaya kaɗai ya san kalmar sirrinsa yana cikin haɗari, ko da mutumin amintacce ne, domin rashin lafiya da tafiya ba sa sallama. Akwai kuma wani asusun Windows mai suna AutodeskVault da manhajar ke ƙirƙira don amfanin kanta. In dokar kwamfutocinku tana tilasta sauya kalmar sirri bayan wasu kwanaki, ka cire wannan asusu daga dokar, in ba haka ba wata safiya za ku tarar taskar ta ƙi aiki ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

A cikin ADMS Console za ka ƙirƙiri taskar. Guda ɗaya za ka yi wa kamfanin gaba ɗaya. Na san zuciya za ta raya maka ka yi wa injin casa tasa, injin mai tasa, amma taskoki biyu ba sa ganin juna, kuma boris ɗin da ke cikin injin casa shi ne a injin mai. In ka raba, ka dawo da matsalar kwafi biyu da hannunka. Taska ta biyu da na yarda da ita ita ce ta gwaji, inda mutanenka za su koyi aiki su yi kuskure ba fargaba. Ma'ajiyar fayiloli kuwa takan faɗa faifan C ne in ba ka ce komai ba. In kana da faifai na biyu ka mayar da ita can, amma ta cikin ADMS Console, ba da jan folda a Windows ba. In ka leƙa cikinta za ka ga manyan foldodi masu lambobi da fayilolin da ba za ka gane ba. Haka aka tsara ta. Kada kowa ya share, ya sauya suna ko ya kwafi wani abu a ciki, kuma ka gaya wa manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta ta bar wannan folda da ta SQL.

Sai kwamfutocin masu zane. Inventor ko AutoCAD ake fara girkawa, sannan Vault Client, domin a lokacin girkawa ne take duba abin da ke kwamfutar ta dasa maɓallanta a ciki. In mutum ya rubuta sunan saba bai samu shiga ba, kafin ka zargi komai ka duba katangar tsaron Windows a sabar, galibi ita ce ta toshe ƙofa ta 80. Kowa da asusunsa da sunansa. Kada a yi asusu ɗaya a ce na ofis ne, domin duk amfanin tsarin yana cikin sanin wanda ya yi me. Masu zane na yau da kullum ka ba su matsayin Document Editor na mataki na ɗaya, wanda ke ƙara fayil da gyara shi amma ba ya sharewa. Mataki na biyu, mai iya sharewa, ka bar wa mutum ɗaya ko biyu. Shugaban masu haɗa inji da mai sayen kaya a ba su matsayin dubawa kawai. Kai ma kanka ka yi asusun aiki na daban, Administrator sai ranar saiti.

Yanzu mun zo zuciyar maganar, saiti uku da ke cikin Vault Settings, waɗanda in ka daidaita su rabin aikin ya ƙare. Na farko shi ne tilasta folda ɗaya ta aiki. Vault tana sauko da kwafin fayil zuwa kwamfutar mai zane don ya yi aiki a kai, kuma ya kamata wurin ya zama iri ɗaya ga kowa, misali C:\Aiki. Ka sa shi gajere haka da gangan, domin Windows da manhajoji da yawa suna tuntuɓe in cikakken adireshin fayil ya kai haruffa 260, kuma folda cikin folda cikin folda tana cinye su da sauri. Kada foldar ta kasance cikin OneDrive ko Google Drive ko wata folda da ake rabawa a ofis, domin za a sami masu iko biyu a kan fayil guda. Na biyu shi ne tilasta fayil ɗin aiki na Inventor guda ɗaya, mai ƙarewa da ipj, wanda ke gaya wa Inventor inda zai nemi sassa da inda ɗakin karatun noti da boris yake. A ajiye shi a tushen taskar, kowa ya yi amfani da shi. Na uku shi ne hana fayil biyu ɗaukar suna ɗaya a duk faɗin taskar. Wannan shi ne zai fi ba mutanenka haushi a makon farko, kuma shi ne zai fi cetonku.

Hana maimaita suna yana tilasta muku zama ku tsara yadda za ku riƙa raɗa suna, kuma wannan zama sai da maigida a ciki. Shawarata ita ce lamba. Sunaye irin su faranti, faranti sabo, faranti na ƙarshe, su ne suka kawo ku inda kuke. A ba kowane sashe lambarsa da ba za ta taɓa sauyawa ba, misali harafi biyu na irin injin da lambobi huɗu a bayansu, kuma kada a sa kwanan wata ko sunan mai zane ko lambar gyara a cikin sunan, domin duk waɗannan Vault tana riƙe da su. Bayanin abin da sashen yake, da irin ƙarfen, da kaurinsa, a rubuta su a iProperties na Inventor ko a akwatin bayanin da ke ƙasan zanen AutoCAD. Vault tana karanta su, kuma da su za ka yi bincike ka ce a nuna maka duk farantin da ke da kauri milimita 6. A sunan fayil ku tsaya kan haruffa da lambobi na gama-gari, domin tsofaffin injinan yanka da yawa ba sa gane haruffa masu lanƙwasa. A wurin bayani kuwa ku rubuta Hausarku yadda kuke so.

Kwashe tsofaffin zane-zane zuwa taskar shi ne aiki mafi gajiyarwa, kuma nan ne akasari ake karaya. Kada ka ce za ka zuba komai a mako ɗaya. Ka ɗauki inji ɗaya da kuke ƙerawa yanzu. Ka tara fayilolinsa daga duk kwamfutocin, ku zauna da wanda ya zana shi da shugaban masu haɗawa ku tantance wane kwafi ne na gaskiya, in ta kama a ɗauki awo a jikin injin da aka ƙera a gwada. Ka buɗe haɗaɗɗen a Inventor ka tabbatar ba ya neman wani fayil da ya ɓata. Sannan ka yi amfani da Autoloader, ƙaramar manhajar da ke zuwa tare da Vault don wannan aiki, wadda ke bincike ta nuna maka jinginar da ta tsinke da sunayen da suka maimaitu kafin ta ɗora komai. Injinan da kuka daina ƙerawa a bar su a faifai na daban, a kulle shi ya zama na dubawa kawai, duk ranar da aka buƙaci ɗaya a tsabtace shi a shigo da shi. Za ka kuma lura Vault tana ƙin karɓar fayil ɗin zane in an jawo shi da hannu daga Windows, tana so a mayar da shi daga cikin Inventor ko AutoCAD. Ka bar wannan saiti yadda yake, domin ta wannan hanya ce take sanin jinginar fayilolin.

Akwai gaskiyar da dole in gaya maka, domin ta shafi ainihin abin da ya same ku. Vault Basic tana ƙirga siga, ba ta san amincewa ba. Duk Check In siga ce, ko da mai zane ya mayar da aikin da bai kai rabi ba don zai tafi sallar Azahar. Tsarin da ke cewa wannan zane ana kan aikinsa, wannan ana duba shi, wannan an sake shi a matsayin gyara A ko B kuma an kulle, da takardar neman canji, da jerin kayan da za a saya, duk a Vault Professional suke, ita kuwa kuɗinta daban. Haka kuma a Basic matsayin mutum ɗaya ne a duk taskar, ba ka iya kulle masa folda ɗaya ka buɗe masa wata. To ke nan sabon fayil ba lallai ne ya zama wanda za a yanka ƙarfe da shi ba, kuma wannan giɓi ku ne za ku cike shi da doka. A yi folda ɗaya ta zanen da aka amince da shi. Mutum ɗaya, babban injiniyanku, shi kaɗai zai riƙa sa PDF da DXF a ciki bayan ya duba, da harafin gyara da kwanan wata a akwatin bayanin zanen. Ranar da aka saki inji a sa wa foldarsa alama da umarnin Label, don a iya dawo da fayilolin daidai yadda suke a ranar. Mai yanka ba zai karɓi zane daga ko'ina ba sai daga nan, ko da maigida ne ya turo masa ta WhatsApp. In sabon gyara ya fito, a bi a karɓe tsofaffin takardun da ke wurin aiki a yaga, domin takardar da ke manne a bango ba ta san an yi gyara ba. In wata rana kuka nemi shaidar ISO 9001, irin wannan iko a kan takardu ne sashe na 7.5 na bugun 2015 yake tambaya.

Kwafin ajiya kuwa, ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa. Da can in kwamfuta ɗaya ta mutu, akwai kwafi a sauran biyar. Yanzu kun tara komai a faifai ɗaya. Kwafar ma'ajiyar fayiloli kaɗai ba ta da amfani, domin ba tare da rumbun SQL ba tarin fayiloli ne marasa suna, kuma dole a ɗauki biyun a lokaci guda su dace da juna. Umarnin Backup na ADMS Console shi ke haɗa su wuri ɗaya. Ana iya kiran sa da rubutaccen umarni ta Connectivity.ADMSConsole.exe, a ba Task Scheduler na Windows ya riƙa gudanar da shi kullum, a lokacin da ka san sabar tana kunne. Kada kwafin ya zauna a faifan da taskar take. Ku sayi faifan waje biyu kuna musanyawa, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan maigida, kuma wanda ba a amfani da shi a zare shi, domin manhajar 'yan damfara mai kulle fayiloli tana bin duk faifan da ta tarar a haɗe, gobara da ɓarawo kuwa ba sa tambayar wanne ne kwafi. Sannan, sai an gwada akan san na ƙwarai: ka sami wata kwamfuta, ka girka Vault a kanta, ka dawo da kwafin da umarnin Restore, ka buɗe inji ɗaya ka ga ya buɗe cikakke. Ka yi haka kafin ku fara dogara da taskar, ka kuma riƙa maimaitawa duk bayan wata uku.

Game da sabunta siga, dokar ita ce saba ake fara ɗagawa. Sabuwar saba tana karɓar kwamfutocin da ke baya da ita da shekara ɗaya ko biyu, amma kwamfutar da ta fi saba sabunta ba za ta shiga ba. Fayil ɗin da aka adana da sabon Inventor kuma tsohon ba ya buɗe shi, don haka kada wani ya ɗaga tasa shi kaɗai. Wannan ba matsalar ƙananan kamfanoni ba ce kawai. Kamfanin Airbus ya gamu da ita a jirgin A380, lokacin da injiniyoyinsa na Hambug a Jamus ke aiki da manhajar zane ta CATIA siga ta 4, na Tulus a Faransa kuma da siga ta 5. Wayoyin lantarkin jirgin, masu tsawon kimanin kilomita 500, suka ƙi dacewa wajen haɗawa, kuma hakan na cikin manyan dalilan da suka sa sai a watan Oktoban 2007 aka miƙa jirgi na farko, bayan jinkirin kusan shekara biyu. Kafin kowace ɗagawa ka ɗauki cikakken kwafi, domin rumbun da aka ɗaga ba ya komawa baya. In kuma wani na son aiki daga gida, a bi ta VPN, kada a buɗe ƙofar sabar ga intanet kai tsaye.

Injiniya, ka fara da taskar gwaji da inji ɗaya da mutum biyu, ku yi mako biyu a haka kafin sauran su shigo. Ka nemi maigida ya tara kowa ya faɗa da bakinsa cewa daga rana kaza zanen da ba ya cikin taska ba zanen kamfani ba ne, domin wannan magana daga bakinka ba za ta yi nauyin da za ta yi daga nasa ba. Ku saba da mayar da fayil kafin a tashi aiki kowace yamma, da rubuta gajeren bayanin abin da aka sauya. In binciken share fagen ya nuna maka wani ƙorafi da ka kasa warwarewa, ka rubuto mana shi daidai yadda ya fito a allo, tare da shekarar Vault da irin Windows ɗin sabar, za mu duba tare in sha Allahu. Allah ya yi wa sana'a albarka.